Ƙasar Sawun Baba

Jikana ne ya jawo mini wannan tunani, shi da burodinsa. Ran Juma'ar da ta wuce ya dawo daga tsallaken iyaka, inda yake aikin gyaran babura, ya zaro wani dogon burodi daga jaka ya ajiye mini a kan tabarma yana murmushi, wai tsaraba. Irin mai tsawon nan ne kamar muciya, mai ɓawo, wanda in ba ka yi hankali ba sai ya yanke maka dasashi. Na karya shi biyu, ƙanshin ya bugi hancina, sai na kasa ce wa yaron ko sannu da hanya. Ya tsaya yana kallona, ya zaci haƙori ne ya motsa. Ba haƙori ba ne, ubana na tuna.

Bari in ba ka labarinsa, kai mai karatu, tunda yaran gidan nan ba su da haƙurin zama. Da na buɗe baki sai waya ta yi ƙara, kowa ya miƙe.

An haife ni a wani ɗan ƙauye na ƙasar Kebbe, ba nisa da Fakku, irin ƙauyen da in akuya ta haihu da safe, kafin azahar kowa ya san ko 'ya'ya nawa ta haifa. Ba mu da yawa a gidanmu. Akwai Kaka, wadda ta haifi Baba. Akwai Iya, mahaifiyata, da ni da ƙannena maza biyu, sai Baffa, ƙanin Baba, da iyalinsa a sashen yamma. Shi kuwa Baba ban san inda zan sa shi a lissafi ba. Namu ne, amma da damina kaɗai muke samunsa cikakke. Sauran shekara aronsa ake ba mu.

Aikinsa a Gaya yake, cikin ƙasar Nijar, ko da yake mu a lokacin Faransa muke cewa. Tun yana saurayi ya tafi cin rani, ya fara da kai itace gidan wani mai burodi, a hankali har ya zama shi ke hura tanderu, shi ke sa burodi, shi ke kwashewa. Hannuwansa duk tabon ƙuna ne, gashin wurin ya daɗe da ƙonewa bai sake fitowa ba. Da an gama girbi an kai dammuna rumbu sai ya hau kekensa. Ya je Tambuwal, a ɗora shi da keken a bayan babbar mota zuwa Jega, daga nan in an dace da wata motar to, in ba a dace ba ya taka da ƙafarsa, ya bi ta Bunza ya faɗa Kamba ya tsallaka. Duk wata ko wata biyu yakan leƙo gida ya yi 'yan kwanaki ya koma. Mutane suna cewa wahalar banza yake yi, ai sauran 'yan cin rani in sun tafi sai damina. Shi dai cewa yake ƙafar tasa ce, ba aronta ya yi ba.

Saboda haka gidanmu gida biyu ne a cikin darni ɗaya. Akwai gidan da Baba ba ya nan. A ci tuwon dawa da miyar kuka tun rana ba ta faɗi ba, a kashe fitila da wuri, Iya ta yi ta surfenta ba ta ce wa kowa uffan. In jinkar ɗaki ta zame, ko jaki ya fara ɗingishi, ko wani ya zo da magana mai nauyi, amsar ɗaya ce: a bari sai ya zo. Har sunan autanmu Baffa ne ya raɗa, domin haihuwar ta faɗo Baba yana can. Akwai kuma gidan da Baba yake nan, wanda ake yanka zabuwa a cikinsa, zaure ya cika da masu son jin labarin Faransa, Iya ta riƙa dariya da abin da bai kai a yi dariya ba.

Iya ba ta taɓa tambayar kowa yaushe zai zo ba, kunya ba za ta bar ta ba. Amma ni na gano ta. Da wata ya fara tsufa sai ka ga ta kwaɓa lalle, ta sauko da akushinsa daga ragaya ta wanke, ko da tsaf yake. In na ce, "Iya, baƙo za mu yi?" sai ta ɗaga mini muciya.

Ƙararrawar kekensa muke fara ji. Tun daga gindin kukar da ke bakin gari yake soma kaɗa ta, bai fasa ba har ƙofar gida. Ni ke riga kowa isa. Ya sauko ya ce, "Uwata, kin ƙara tsawo ko ni na rage?" Uwata yake ce mini domin sunan Kaka aka sa mini, ita kuma takan kira ni takwara. Sai in cusa fuskata cikin rigarsa. Hayaƙin itace ne a jikinta, da gari, da wani ɗan tsami-tsami na kwaɓin da ya kwana. Ko Iya ta wanke rigar nan da sabulun salo ba ya fita duka.

Burodin kuwa, kafin ya iso gare mu ya sha kwanaki a hanya, ya bushe ya zama icce. Sai Baba ya sa wuƙa yana sassarawa, yaran maƙwabta sun yi layi, kowa ya karɓi ɗan guntu ya tafi yana gurgura har yamma. Kaka, da ba ta da haƙori ko na magani, takan jiƙa nata a cikin kunu, ta shanye tas, ta suɗe ƙwarya, sannan ta ce abincin Nasara ba komai a cikinsa sai iska. Kullum haka take faɗa, kuma ban taɓa ganin ta bar wa wani rabonta ba.

Kaka ita ce kan labarin nan, don haka sai ka san ta. Baba ɗanta ne na fari, kuma a wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi. "Mai keken nan" take ce masa. In ya durƙusa gaishe ta bayan doguwar tafiya, sai ta kau da kai tana tsinkar zare, ta amsa masa kamar wanda ya shigo ɗiban wuta. Ina ƙarama abin yana ba ni haushi ƙwarai. Na taɓa ce mata ba ta son Babana, ta ce in tashi in ba ta wuri.

Abu ɗaya take yi, kuma ba ta taɓa fashinsa ba. Ranar da zai tafi, tun da safe takan share ƙofar zaure, ta ɗebo rairayi mai laushi ta baje. In ya turo keke zai fita sai ta tsaya masa a hanya, ƙafarsa kawai take kallo. Dole ya tuɓe takalmin dama ya taka rairayin nan da tafin ƙafarsa. Da ya ba da baya sai ta durƙusa ta kwashe ƙasar sawun da hannu biyu, ta ƙulle a tsumma, ta kai ƙarƙashin randa inda ke da sanyi ta tura. Wai ƙafa ba ta mantuwa da ƙasarta, duk inda ta je sai ta biyo ta. Ranar da ya dawo kuma, kafin ya shiga gida, sai ta kwance ƙullin ta zube a bakin ƙofa ta ce, "Ga ƙasakka, taka." Iyakar maganar da ke shiga tsakaninsu ke nan a gaban mutane.

Baba ya yi karatun allo mai ɗan zurfi, abin ba ya kwanta masa. Wata rana yana tsaye da takalmi a hannu ya ce, "Inna, Allah ka maido mutum gida, ba ƙasa ba."

Ta ce, "Awo, na sani. Ita ƙasag ga wa yay yi ta in ba Shi ba? Taka ka ba ni wuri."

Ya taka yana dariya. Sai da na girma na haifi nawa ɗan farin na gane cewa duk sannu da zuwan da ba ta iya yi masa ba, da duk Allah ya kiyaye hanyar da ta haɗiye, a cikin tsumman nan take ƙulle su.

Ina 'yar makarantar elementare aka sami mulkin kai. An raba mana 'yan tutoci kore da fari, muka yi ta yawo da su cikin gonaki har suka yage. Da Baba ya ji sai ya ce ai can ma sun sami nasu, har sun riga mu. Kaka ta yi murna, domin ita a tunaninta magana ta ƙare. Ta ce tunda Nasaran Ingilishi ya tafi, na Faransa ma ya tafi, sai a tuge shingen da suka kafa, kowa ya wuce abinsa. Baba ya ce, "Inna, ƙarhe anka ƙara mishi."

Haka kuwa aka yi. A da, in ji shi, wani ɗan dutse ne a daji ake ce wa iyaka, makiyaya suna zama a kansa su sha fura. Mutanen wannan gefe da na wancan gefe harshensu ɗaya, kasuwarsu ɗaya, suna auren juna. Yanzu kuwa ga sandar ƙarfe an gitta a hanya, ga masu kaki nan da can, sai ka nuna takarda mai hoto, sai ka nuna shaidar allura, sai a kwance maka kaya a sake ɗaurewa. Wani lokaci mutum ya wuni a gindin bishiya yana jiran wanda zai buga masa hatimi. Zuwan Baba ya fara ja da baya. Wata ya tsufa, Iya ta sa lalle, lallen ya kama ya yi ja ya koɗe, ba ƙararrawa. Ta daina wanke akushi a gabana.

Cikin wata damina da yake gida ya ɗauke ni a keke zuwa kasuwar Tambuwal, karo na farko da na ga babban titi. Muna hawa titin Baba ya kama hannun dama ya miƙe abinsa, domin a can Faransa dama ake bi, mu kuwa a lokacin hagu muke bi. Sai ga babbar mota ta nufo mu tana ƙugi, ɗan doka yana busa usur, mata masu tallan nono suna salati. Muka faɗa cikin ciyawa ni da shi da keken. Ɗan dokan ya zo yana faɗa, Baba ya miƙe yana kaɗe riga ya ce, "Yi haƙuri, samari, jikina yaz zo gida, hannuna na can baya bai iso ba." Mutumin ya yi dariya ya sallame mu.

A ranar ne ya kai ni wani fili kusa da tashar mota, inda ba komai sai tumfafiya da awaki. Ya tsaya ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Uwata, nan nika son in gina tanderu nawa. Na gaji da hanyag ga. In na gina, kullum da sahe za ki ci burodi da zahinai, ba iccen da nika kawo muku ba. Ba ki san burodi ba tukuna." Na riƙe maganar nan kamar yadda yaro ke riƙe alkawari, da hannu biyu. Na gaya wa duk 'yan ajinmu, har suka fara ce mini ɗiyar mai burodin Tambuwal.

Da aka yi girbin shekarar da nake ba ka labari, ya tara mu ya ce wannan ce tafiyarsa ta ƙarshe. Maigidansa ya yi masa alkawarin ƙofar ƙarfe ta wani tsohon tanderu, in ya samo ta sauran duk aikin laka ne. Ya ce ba zai yi ta kai da kawowa ba a wannan karon, wahalar shingen ta yi yawa. Zuwa ɗaya zai yi, tare da shamuwa, ya yi shuka, kuma ba komawa. Ya zaɓi zangarniyar gero masu kyau na iri, ya ɗaure da kansa ya rataye a cikin rumbu, ya ce kada a taɓa sai ya zo.

Da hantsi ya turo keke. Kaka ta baje rairayinta, ya tuɓe takalmi ya taka, ya fita. Ni kuwa ina biye da shi, kuma ina da wata ɗabi'a ta sa ƙafata cikin sawunsa in ga saura nawa in cike shi. Kafin Kaka ta sunkuya na riga na taka. Ga babban sawu, ga ƙarami a tsakiyarsa. Na zaci duka zan sha. Ta tsaya tana duban wurin, sannan ta kwashe duka ta ƙulle, ta ce, "Takwara, kin gama sawunki da nashi. To, ko shi zo miki, ko ki tai mishi." Iya ta yi dariya daga cikin gida, ni ma na yi, na ruga na bi keken har gindin kuka.

Rani ya yi tsawo a shekarar. Rijiyoyi suka ja baya, bazara ta zo da zafin da ko kaji sai sun buɗe baki. Ni dai sama nake kallo. Ranar da na ga shamuwa ta sauka a kan kukar bakin gari, da gudu na shigo gida ina ihu, har na yi tuntuɓe da turmi. Da yamma na ga Iya ta tsinko ganyen lalle.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas yana watsewa. Maƙwabta suka fita binne, wato shukar da ake yi a busasshiyar ƙasa a jira ruwa. Baffa ya zo ya ce a sauko da iri. Kaka ta ce wanda ya ɗaure shi zai kwance. Ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi wannan ƙanshin da ke sa mutum ya ji kamar ya ɗiba ya ci, gari duka ya fita da sungumi, gonarmu kaɗai ta zauna ba kowa. Ruwa na biyu ya sauka. Geron mutane ya tsiro ya yi kunne, ni kuwa kullum bayan makaranta ina gindin kuka, duk abin da ya yi ƙara sai in miƙe in dubi hanya. Baffa ya sake zuwa, wannan karon da faɗa, ya ce so ake yara su ci me baɗi? Kaka ta ɗaga kai ta dubi rumbu. Daga baya ta ce, "Ku shuka." Ta shiga ɗaki ta saki asabari.

Bayan shukar da 'yan kwanaki, da la'asar, na ji ƙararrawa. Tasa ce, ko cikin barci na san muryarta. Sai dai sau ɗaya aka kaɗa. Na fita da gudu, na ga keken Baba, amma wani mutum ne ke turo shi, abokin tafiyarsa, mutumin Sanyinna, wanda yakan kwana a zaurenmu wani lokaci. A bayan keken an ɗaure wata baƙar ƙofar ƙarfe da igiya. Na tambaye shi ina Baba, ya ce in kira masa Baffa.

Abin da ya faɗa a zaure, muna ji daga bayan darni, shi ne sun taso tare, Baba yana ta murna, ya sallami aiki ya yi ban kwana da kowa. Tun kafin su bar gari yake kukan ciwon kai, a hanya wuyansa ya sanƙare. Shekarar ana fama da sanƙarau a wancan yanki, don haka a bakin iyaka aka ce ba a wucewa da marar lafiya, sai ya warke. Ba wanda ya zage su, ba wanda ya dake su, doka ce kawai. Suka koma wani ƙauye da ke kusa, mutanen garin suka ba su ɗaki, suka yi jinyarsa kamar nasu. Can Allah ya karɓi abinsa, can suka yi masa sutura.

Iya ta faɗi a bakin murhu. Baffa yana kuka kamar yaro. Kaka kuwa ta fito har zaure, abin da ba ta saba ba, idonta a bushe, domin ko a mutuwa uwa ba ta yi wa ɗan fari kuka a gaban mutane. Ta ce Allah ya jiƙan musulmi. Sannan ta tambayi mutumin abu ɗaya.

"Ƙahwatai ta taka ƙasarmu?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "A'a, Inna. Saura kaɗan. Daga inda munka kwana ana hangen shingen."

Ta juya ta koma ciki, ta zauna kusa da randa, ta jingina bayanta da ita. A nan ta wuni, a nan ta yi kwanakin zaman makoki.

Bayan an share makoki Baffa ya ce a fitar da ƙullin nan a zubar, ai ga shi an gani ba ya maido kowa. Kaka ta ce wanda ya taɓa shi ba ita ba shi. Ƙullin ya zauna a wurinsa, randa tana yi masa raɓa, tsumman ya ruɓe ta sake wani. Ƙofar ƙarfen kuwa ba wanda ya san yadda ake gina mata tanderu. Iya ta jingine ta a bayan ɗaki, daga baya ta zama murfin akurkin kaji. Filin da ke kusa da tasha wani ya gina shago a kai.

Kaka ba ta daɗe sosai ba bayansa. Da ta ji jiki ya ƙi, ta kira ni ta sa na jawo ƙullin, ta danƙa mini a hannu ta ce, "Da sawunki ciki. Ni ban iya kai mishi." A ranar, mu biyu kaɗai a ɗaki, na ji ta kama sunansa. Sau ɗaya ta faɗa, a hankali, kamar tana ɗanɗana shi.

Na tafi da ƙullin nan makarantar kwana, na tafi da shi gidan miji a nan Tambuwal, na yi aikin koyarwa har na ajiye, yana ƙasan adudu tare da zannuwan da ba na ɗaurawa. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya sha yi mini tsiya, wai malama guda da ƙullin ƙasa. Ban taɓa cewa ƙasa tana da wani iko ba. Amana ce aka ba ni, kuma kewar ubana ba ta taɓa sakina ba, ko da na girme shi nesa ba kusa ba. Kullum ina cewa baɗi zan je, haihuwa da aiki da rashin abokin tafiya suna hanawa.

Sai da na yi furfura babban ɗana ya sa ni a mota muka tafi. Hanyar da Baba ke kwana da kwanaki a kanta, mun tashi da safe, kafin la'asar mun tsallaka. Muka yi ta tambaya har muka sami ƙauyen, yana nan cikin giginyu, kuma gaskiyar mutumin Sanyinna ne, daga bakin garin ana hango motocin da ke jira a iyaka. Aka kai mu wurin wani tsoho da ido ya fara yi masa nisa. Na faɗi sunan Baba, bai gane ba. Na ce mai aikin burodi, ya girgiza kai. Sai na ce yana tafe da ƙofar ƙarfe a bayan keke. Tsohon ya ɗago ya ce, "Af! Baƙon nan mai ƙohwa. Ina yaro lokacin. Da zazzaɓi ya kama shi sai shi ta cewa a kula mishi da ita, ta uwatai ta." Mutanen garin duk sun ɗauka mahaifiyarsa yake nufi. Ban gyara musu ba.

Ya sa aka raka mu maƙabarta. Kaburburan wancan zamani duk sun shafe, ba wanda zai ce maka ga nasa, sai dai a nuna maka gefen da suke. Ɗana ya shiga ya yi addu'a. Ni mace ce, ba na shiga, don haka na tsaya a bakin ƙofa. Sai da na tsaya ɗin na tuna ai dama a bakin ƙofa Kaka ke zubawa. Na kwance ƙullin. Ƙasar ta dunƙule, na murje ta da yatsa, na zube a wurin, ja-ja a kan farin rairayinsu. Na ce, "Baba, ga ƙasakka." Na tuɓe takalmin dama na taka masa.

Yanzu abubuwa sun sake. Yara suna tsallaka iyakar nan a kan babur kamar masu zuwa Jabo cin kasuwa, in sun isa su bugo waya, in sun taso su bugo waya, har hoton abincin da suka ci sai sun turo maka. Ba mai kallon shamuwa, ba mai kasa kunne ga ƙararrawa. Uwaye suna kiran 'ya'yan fari da sunansu gatsal, har su rungume su a tasha, kuma ban ce laifi ba ne, wataƙila ma sun fi mu dabara. Gidajen burodi sun cika Tambuwal, da asuba ƙanshinsu ke tashe ni, na ci mai zafi ba adadi. Amma na hannun Baba ban taɓa cinsa da zafi ba, kuma har yau ji nake gaskiyarsa ce, ban san burodi ba tukuna.

Da aka zo shafe gidan nan da siminti, na sa magina suka bar mini ɗan wuri a bakin ƙofa, faɗin tabarmar salla, ba a shafe ba. Suka yi ta tambayar dalili, na ce kaji nake so su riƙa birgima. Jiya da safe jikan nan nawa ya turo babur zai koma bakin aikinsa, ya tarar na baje rairayi ina tsaye a hanya. Ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya yi irin dariyar da na sani tun ina yarinya.

Ya ce, "Haba Hajiya, ai ran Juma'a ina nan tahe. Kuma ga waya."

Na ce, "Na sani. Tuɓe takalmin."